An taya R1 ɗina na 1998 naira miliyan huɗu: in sallama ko in riƙe?

Baban Hanif (Kano):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Waɗanda muka daɗe tare a zauren nan sun san babur ɗina Yamaha R1, ja da fari, ƙirar 1998. A 2014 na saye shi naira dubu 750, ɗan Kwatano, ni na fara hawansa a ƙasar nan. Yau kusan shekara uku ke nan ban yi doguwar tafiya a kansa ba, tun da ciwon baya ya sa ni gaba. Iyakata in tayar da shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ɗan yi zafi, in kashe in mayar da tampol.

Jiya wani matashi ya zo daga Abuja tare da dillali. Ya zagaya shi ya fi sau biyar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin inji, ya taya miliyan huɗu. Na ce albarka. To amma da na kwanta barci ya ƙi zuwa. Ga kuɗin makarantar yara, ga ginin da na tsayar a linta. A ɗaya ɓangaren kuma ƙanena ya ce kada in kuskura, wai Turawa yanzu irin wannan ƙirar ta farko suke nema ido rufe, nan da 'yan shekaru sai ya ninka. Don Allah masu sani, tsohon babur irin wannan daraja yake ƙarawa ko zubewa yake yi?

Ɗan R6 (Abuja):
Wa alaikumus salam. Yaya, ka sallama tun kafin yaron ya sake shawara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Nan Abuja duk wanda ya fito sayen babban babur tambayarsa ta farko ita ce injekta ne ko kafireta, ta biyu kuma yana da ABS, wato birkin da ba ya kulle taya, ko babu. Naka kafireta huɗu gare shi. Tsara na ba mai son wannan wahalar. Ka sayi abu dubu 750, ka more shi shekara goma, a ba ka miliyan huɗu, ai ka ci riba ninki biyar.

Ɗan Canji (Wapa):
Ƙanena Ɗan R6, a nan ne ba zan bi ka ba. Ba riba ya ci ba. A 2014 dala tana wajen naira 170 a hannunmu. Dubu 750 a lokacin ta haura dala dubu huɗu. Yau ka ɗauki dala a 1,500 don lissafi ya yi sauƙi, miliyan huɗu ba ta kai dala dubu uku ba. Ka ga babur ɗin bai hau ba, naira ce ta sauka, musamman tun watan Yunin 2023 da aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Kullum ina ganin mutane suna murna sun sayar da mota ko fili da "riba", in sun zo sayen madadinsa sai ido ya raina fata.

Ban ce kada ya sayar ba. Cewa nake ya san abin da yake sayarwa. Ya kuma tambayi kansa: in ya karɓi miliyan huɗun nan, zai iya sake shigo da irinsa daga waje, ya biya jirgi ya biya kwastan? Ba zai iya ba.

Oga Bakanike (Kaduna):
Baban Hanif, kafin a yi maganar kuɗi, amsa min waɗannan. Salansar da ke jikinsa ta kamfani ce? Robobin jikinsa waɗanda ya zo da su ne? An taɓa buɗe injin? Takardar kwastan tana nan, kuma lambar shasi ta yi daidai da ita?

Baban Hanif (Kano):
Oga, injin ba a taɓa buɗe shi ba, wannan na tabbata. Takardun kwastan suna cikin akwatina. Salansa na canza a 2015, na sa mai ƙara, ta asalin kuma ban san inda na jefa ta ba. Robar gefen hagu ta fashe wata rana da yashi ya ɗauke ni a hankali a kwanar layinmu, na sa 'yar Chana aka yi mata fenti. Tanki na da ɗan lotsawa kamar girman babban yatsa, inda Hanif ya buga da kan kekensa. Sauran duk yadda ya zo.

Oga Bakanike (Kaduna):
To alhamdu lillahi, naka da sauran rai. Shekara 26 ina wannan sana'a, kuma abin da ke ci min rai shi ne da hannunmu muke kashe darajar baburan nan. Yaro zai sayi babur lafiyayye, sati bai cika ba ya kawo a yanke masa salansa, a cire madubai, a datse wutsiya, a zuba masa fitilu masu launi-launi, a yayyanka wayarin kamfani a jona da salatif. Bayan shekara biyu ya zo yana cewa a nemo masa mai saye, wai ya kashe masa kuɗi. Kuɗin da ka kashe wajen ɓata abu ba mai biyanka.

R1 na 1998 ba ƙaramin inji ba ne. Bawul 20 gare shi, biyar-biyar a kowace silinda. Sun ɗora giyabos ɗin a sama ta bayan karanshaf don injin ya gajarce, shi ya ba su damar tsawaita ƙafar baya ba tare da babur ɗin ya yi tsawo ba. Doki 150 a jikin abin da bai kai kilo 180 ba in babu mai a ciki. Lokacin da ya fito, kowa sai da ya koma ya sake zane.

Amma zan faɗa maka wadda ba za ka so ba. Tayar da shi ɗin nan da kake yi ran Juma'a na minti biyar, cutar da shi kake yi. Injin bai yi zafin da zai ƙone damshin da ke ciki ba, batir bai samu caji ba, ga tsohon fetur yana kwance a kafireta yana zama kamar ƙaro. Watan jiya na buɗe kafiretar wani da ya yi shekara biyu a ajiye. Da na cire kofin ƙasa, abin da na tarar kore ne shar, mai danƙo, yana warin tsohon fenti, sai da na kwana biyu ina jiƙa jet ɗin kafin haske ya ratsa ramin. Sannan akwai bawul ɗin EXUP da ke cikin bututun hayaƙi, in an bar shi ba motsi ga ƙura ga tsatsa, sai ya ƙame. Ko dai a hau babur a yi tafiya da shi, ko a ajiye shi yadda ake ajiya: a tsiyaye mai, a cire batir, a ɗaga tayoyi daga ƙasa.

Na Birmingham:
Salam. Ina bin maganar tun ɗazu daga wajen aiki, sai yanzu na samu zama. Baban Hanif, ƙanenka ya yi gaskiya rabi. Bari in faɗi abin da idona ya gani a nan Ingila.

Akwai baje kolin tsofaffin babura da ake yi a Stafford sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma kamfanin gwanjo na Bonhams yana kafa nasa gwanjon a wurin. Na je na Oktoba, wanda baburan Japan suka fi yawa. Abin da na lura, tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Akwai tsofaffin babura jibge a filin 'yan kayan gyara waɗanda ba mai ko kallonsu. Waɗanda ake rububi a kai iri kaɗan ne.

Akwai waɗanda kamfani ya ƙera kaɗan saboda dokar tsere. Da aka fara gasar Superbike ta duniya a 1988, sharaɗin shi ne sai kamfani ya sayar wa jama'a irin babur ɗin da zai shiga da shi. Shi ya sa Honda ta fitar da RC30, wanda Ba'amurke Fred Merkel ya ci kambun 1988 da na 1989 a kansa, Yamaha kuma ta fitar da OW01 a 1989, guda 500 kacal. Waɗannan tun suna sababbi masu tsada ne, yanzu kuwa kuɗinsu ya fi na sabuwar mota.

Akwai kuma ƙirar farko ta babur ɗin da ya canza zamani. Honda CB750 na 1969, Kawasaki Z1 na 1972, Suzuki GSX-R750 na 1985, Honda Fireblade na 1992 da Tadao Baba ya jagoranci ƙera shi, Ducati 916 na 1994 zanen Massimo Tamburini. R1 na 1998 yana cikin wannan layin, kuma ja da farin nan shi aka fi nema. Wannan ita ce gaskiyar ƙanenka.

Rabin da bai faɗa maka ba shi ne R1 an buga shi da yawa, ba guda 500 ba ne. Don haka mai tara tsofaffin babura zaɓe yake yi. Na tsaya kusa da wani dattijo yana duba irin naka. Tocila ya ciro daga aljihu ya haska bayan roba yana neman hatimin kamfani, ya duba kan kusoshi ko sufana ta taɓa cin su, sannan ya karɓi fayil ɗin rasit na duk sabis ɗin da aka yi wa babur ɗin tun yana sabo, ya zauna yana bi ɗaya bayan ɗaya. Bai ko ce a tayar masa ba sai can ƙarshe. A wajensu wanda aka canza wa salansa da roba babur ne na hawa, kuɗinsa daban. Wanda yake yadda ya fito daga kamfani shi ne na ajiya.

Ɗan R6 (Abuja):
To ai ka ga magana ta ta fito. Wa zai zo Kano da tocila yana neman hatimi? Masu wannan sha'awar suna can, babur yana nan.

Na Birmingham:
Wannan kam haka ne, kuma kada kowa ya yi mafarkin zai loda shi a kwantena ya kawo nan ya ci riba. In ka haɗa kuɗin jirgi, haraji da rajista, ga shi ba ka da tarihin sabis a rubuce, mai saye zai zaɓi na maƙwabcinsa. Wasu na kawo maganar dokar Amurka ta shekara 25, wadda ke ba da damar shigar da abin hawa in ya kai wannan shekarun ko da bai cika ƙa'idojinsu ba. Wannan tana amfanar baburan da ba a sayar a can ba tun asali, kamar NSR250 na Japan. R1 kuwa an sayar da shi a Amurka, suna da nasu.

Alhaji Mai Basfa (Gusau):
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki ko da ban taɓa hawa irin naku masu gudun ba. Lokacin da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975 ina ƙaramin ma'aikaci, na sayi Basfa. Daga baya na yi Honda Benly, na yi Rodmasta. A lokacin ko malamin makaranta ko akawu, a kan waɗannan ake gane shi. Da baburan Chana suka shigo, aka bi waɗancan aka watsar a bayan gida, masu jari-bola suka auna su a sikeli suka tafi da su. Rodmasta ɗina da kaina na ba da shi a kuɗin da bai kai na ragon layya ba. Yau in na ga mai tsabta ya wuce a titi sai na bi shi da kallo har ya ɓace, kuma in ka tambayi mai shi ko zai sayar, dariya zai yi maka.

Basfar dai tana nan. Sau uku ana zuwa tayi. Abin da nake so ku gane, masu zuwa tayin nan ba yara ba ne. Mutane ne masu furfura, waɗanda ubansu ya kai su makaranta a kan irinta. Wani da ya zo, hannu kawai ya ɗora a kan sirdin ya yi shiru, sai da na ga idonsa ya kawo ruwa. Ɗan R6, kai ma akwai ranar da za ka nemi babur ɗin da ka yi ƙuruciya a kai, kuma ranar kana da kuɗin saye.

Na Birmingham:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da ke juya kasuwar nan ke nan. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1998, yana kallon hoton R1 a mujalla ba shi da ko sisi, yau ya haura 40, ya biya bashin gida, yana neman abin da ya so yana yaro. Haka Kawasaki GPZ900R ya samu masoya saboda fim ɗin Top Gun na 1986. Amma abin yana da ɗaya gefen. Masu son baburan Ingila na shekarun 1950 sun tsufa, da yawa sun rasu, 'ya'yansu na fito da baburan kasuwa, masu saye kuma sun ragu. Dillalan nan da kansu suna kukan cewa na talakawan cikinsu ba sa tafiya kamar da. Sai fitattu irin Vincent Black Lightning da Bonhams ta sayar dala dubu 929 a Las Vegas a Janairun 2018, shi kuma saboda ya kafa tarihin gudu a Ostireliya kuma ƙalilan aka ƙera. Kowane zamani da nasa lokacin, in ya wuce farashi ya kwanta.

Ɗan Canji (Wapa):
Shi ya sa ni ban yarda a kira babur jari ba. Fili ba ya shan mai, zinare ba ya son batir. Babur ko yana tsaye yana cin kuɗi: taya tana bushewa, robobin inji suna tsagewa, ruwan birki yana lalacewa. In ka cire abin da za ka kashe cikin shekara biyar daga ƙarin da kake hange, me ya rage?

Oga Bakanike (Kaduna):
Ɗan Canji, kai komai sai ka ɗora shi a sikelin dala. Da haka kowa ke tunani da babu tsohon abu ko ɗaya da ya rage a ƙasar nan. Ni ba na ce ya riƙe don ya yi arziki ba. Cewa nake lafiyayyen R1 na farko wanda ba a buɗe injinsa ba, mai takardun kwastan na gaskiya, a Arewa kaf ban san guda nawa suka rage ba, amma waɗanda suka ratsa garejina duk an gama da su. In ya tafi hannun yaron da zai riƙa ɗaga kai da shi a titin filin jirgi, wata shida ya isa.

Ɗan Canji (Wapa):
Oga, ba raina sana'arka na yi ba. Mutumin nan ya ce yana da kuɗin makaranta a gabansa. Sha'awa ba ta biyan kuɗin makaranta.

Shugaban Zaure:
A yi haƙuri da juna, dukanku gaskiya kuke nema masa. Akwai 'yar uwa da ta turo min saƙo tana son ta yi tambaya a kan wannan maganar, na ce ta shigo.

Maman Ilham (Zariya):
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ba mahayiya ba ce, da wayar maigidana nake cikin zauren nan. Allah ya yi masa rasuwa wata bakwai da suka wuce. Ya bar babban babur Suzuki, wanda yake kira Hayabusa, yana cikin shagon ƙofar gida a rufe. Yanzu za a raba gado, akwai yara huɗu da mahaifiyarsa. Wani abokin ƙanensa ya ce tsohon yayi ne, zai taimaka ya karɓa a miliyan ɗaya da rabi. Ni dai na san yadda marigayi yake ji da shi, ko yara ba ya bari su jingina. Da ya dawo daga tafiya sai ya goge shi da tsumma mai laushi kafin ya ci abinci. Ina tsoron a ci haƙƙin marayu saboda rashin sani.

Alhaji Mai Basfa (Gusau):
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yata, kada ki bari a ɗaga babur ɗin nan daga inda yake sai masana sun gani.

Oga Bakanike (Kaduna):
Allah ya gafarta masa. Hajiya, na san maigidanki, ya taɓa kawo min shi sabis. Kada a sallama a wannan kuɗin. Ko injin kaɗai aka sauke aka sayar, maganar ba ta nan ba ce. Ki sa babban ɗanki ya ɗauko hoton mitar gudu, da hoton lambar da ke jikin wuyan shasi ta gefen dama, da takardun. Kada kowa ya yi ƙoƙarin tayar da shi.

Na Birmingham:
Allah ya sa ya huta. Hajiya, ga dalilin da Oga ya ce a ɗauki hoton mita. Hayabusa ya fito a 1999 da inji mai cc 1,299, ya haura kilomita 300 a awa, ya ƙwace kambun gudu daga Honda Blackbird. Sunan ma na wani shaho ne a harshen Japan. Da hukumomin Turai suka fara maganar sa doka, kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, daga ƙirar 2001 aka kulle gudun a 299. Don haka na 1999 da na 2000 su ne ba a kulle ba, su masu tarawa suka fi so, musamman mai ruwan tagulla na shekarar farko. In mitar ta mil ce kuma ta kai 220, na farkon ne. In ta tsaya a 185, na baya ne. Idan kuma ta Amurka aka shigo da shi, harafi na goma a lambar shasi yana faɗin shekara: X ita ce 1999, Y ita ce 2000. Ko na baya ne ma, Hayabusa yana da kasuwa a Najeriya fiye da R1, don mutanenmu suna son babba mai daɗin doguwar tafiya.

Malam Na Islamiyya (Katsina):
Allah ya jiƙan mamaci. A kan dukiyar marayu, abin da ya dace shi ne mutum biyu ko uku masu sanin kayan kuma amintattu su yi masa ƙima kowa daban, a gaban wakilin magada, sannan a fitar da shi kasuwa kowa ya taya. Wanda yake son saye ba shi ne zai yanke ƙima ba.

Tunda ana maganar riƙewa don farashi ya tashi, bari in ƙara da zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ka saya don amfanin kanka, kamar na Baban Hanif, babu zakka a kansa. In ka sayar, kuɗin sai sun shekara a hannunka kuma sun kai nisabi. Wanda kuwa ya saya tun farko da niyyar kasuwanci yana jiran kasuwa ta yi kyau, zai fitar ta shekara ɗaya ranar da ya sayar. Sannan duk mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Baban Hanif, robar Chanan nan da lotsawar tanki, ka faɗa wa mai saye da bakinka ko bai gani ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Allah shi jiƙan musulmi. Ni abin da zan ƙara na takarda ne. Nan wajenmu manyan baburan da ke shigowa ta Kwatano da Lome suna da yawa, wasu su tsaya Nijar, wasu su ƙetara. Na ga babur mai kyau ƙwarai da aka rasa mai saye saboda an goge lambar shasi an sake bugawa. Mai hankali ba ya sa kuɗinsa a abin da za a iya karɓewa a shingen farko. Baban Hanif, takardar kwastan ɗin nan taka ka yi mata hoto ka adana, ita kanta kuɗi ce. Sannan dillalin da ya kawo yaron, ka bincika ko la'ada kawai yake nema ko shi ne mai sayen na gaskiya. In dillali ya yi saurin kai tayi miliyan huɗu, yana da wanda zai ba shi fiye da haka.

Ɗan R6 (Abuja):
Gaskiya wannan ta ƙarshen ban yi tunaninta ba. Kuma Baba Alhaji, maganarka ta shige ni. Yamaha ta daina yin R6 na titi bayan 2020, yanzu sai na filin tsere. Nawa na riga na yanke masa wutsiya, amma ta asalin tana gidan abokina. Gobe zan je in karɓo.

Oga Bakanike (Kaduna):
Ka karɓo, ka haɗa da madubai da 'yan fitilun sigina, ka naɗe a bargo ka ɗora a saman silin. Duk wanda zai canza wani abu a babur ɗinsa ya canza wanda ake kwancewa da sufana, kada ya yanka, kada ya yi walda.

Wani abu kuma ga masu sha'awar sayen tsofaffin nan, ku riƙa tambayar kayan gyara kafin ku biya. Fireblade na 1992 har zuwa na 1999 tayar gabansa inci 16 ce, alhali kusan kowa 17 yake amfani da ita, sai ka zagaye Panteka da Ƙofar Ruwa ba ka samu ba. Ducati 916 kuwa bel ne ke juya kam ɗinsa, ana canza shi duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba, in ya tsinke bawul da fistin sun gaisa. Kyakkyawan babur ne, ɗan tseren Ingila Carl Fogarty ya ci gasar duniya a kan irinsa, amma wanda ba shi da mai turo masa kaya daga waje kada ya fara. Masu bin juwai, wato masu ƙona man inji tare da fetur, irin RD350 da RG500 kuwa, a waje kuɗinsu ya tashi sosai tun da dokar hayaƙi ta kashe ƙirarsu, nan kuma an ƙarar da 'yan kaɗan ɗin da suka shigo.

Baban Hanif (Kano):
'Yan uwa, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bayan sallar asuba na shiga ɗakin shirgi na sauke komai. Salansar tana nan, a cikin buhun shinkafa, bayan tsohuwar keken ɗinkin mahaifiyar Hanif. Ƙura ce kawai da gidan zanzaro a bakinta, ko ƙwarzane babu. Har fasasshiyar robar na gani, ashe ban yar ba, tsagewa ɗaya ce daga wajen kusa zuwa ƙasa. Na kuma gwada lambar shasi da ta takarda, sun yi daidai harafi da harafi.

Na kira dillalin na ce masa ba yanzu ba. Nan take ya ce a ƙara dubu 500, na ce ya yi haƙuri. Kuɗin makaranta zan sayar da buhunan masarar da na ajiye, gini kuma ya jira bayan damina. Ɗan Canji, lissafinka na riƙe shi, in na tashi sayarwa da shi zan yi ciniki. Na Birmingham, don Allah duba min kuɗin kayan gyaran kafireta na kamfani, saiti huɗu, da robar gefen hagu ko ta hannu ce in dai ta asali ce.

Na Birmingham:
Zan duba yau da dare in sha Allahu. Turo min hoton fasasshiyar ta ciki, akwai lamba a jiki. Kada ka yar da ita ko mun samu wata, ana like irin wannan tsagewar ta baya ba a gani.

Oga Bakanike (Kaduna):
Asabar zan shiga Zariya da safe in ga na marayun nan, na yi magana da wani abokin sana'a zai zo shi ma ya yi tasa ƙimar daban kamar yadda Malam ya ce. Hajiya, a sanar da ƙanen marigayi ya kasance a wurin. Daga nan zan wuce Kano. Baban Hanif, kada ka tayar da shi wannan Juma'ar. Ka duba gefen tayoyin, akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, ka turo min. Ka kuma tanadi jarka da mazurari, tankin za mu fara saukewa.

Maman Ilham (Zariya):
Allah ya saka da alheri. Yaron ya ɗauko hoton, mitar 220 ce a ƙarshe. Na tura wa Shugaba. Za mu jira ku ranar Asabar.